In Babban Maganin Faɗuwar Jini Ya Ƙare Ko Ya Kasa

Cikin shekarar 2011 wani magani da a ke kira noradirinalin ya yi wuyar samu a ƙasar Amurka, saboda tangarɗar da masana'antun da ke yinsa suka samu, aka yi wajen shekara guda ana fama. Maganin nan kuwa shi ne likitoci su kan fara miƙa wa hannu in ƙwayoyin cuta sun ci ƙarfin mutum har jininsa ya faɗi. Da ya yanke, sai ko wane asibiti ya koma ga abin da ke cikin ma'ajinsa, galibi wani mai suna fenilefirin. Bayan shekara shida, cikin 2017, waɗansu masu bincike suka bi littattafan asibiti 26, suka ƙidaya majiyyata 27,835. Suka tarar a watannin da maganin ke wadace, cikin ko wane mutum 100 wajen 36 ke mutuwa, a watannin da ya yanke kuwa adadin ya kusa kai 40. Lissafin littafi ne, bai isa shi kaɗai ya ɗora laifin bisa fenilefirin ba. Amma ya isa ya nuna zaɓen madadi ba ƙaramar mas'ala ba ce, tun da ga shi an koma ga madadin, duk da haka waɗanda aka kai kushewa suka ƙaru. In haka ta faru a ƙasar da ke da ko wane irin kayan aiki, to, ina ga asibitin da maganin ba ya cika isa ma'ajinsa ba?

Kafin a shiga batun magungunan ya kamata mai karatu ya san ciwon kansa. Kowa ya san hawan jini, kowa kuma ya san ƙarancin jini, wanda a ke gani a ido da tafin hannu. Wannan dabam ya ke da su duka. Asalinsa ƙwayoyin cuta ne da suka kama wani wuri a jiki, ko huhu, ko ƙoda da mafitsara, ko hanjin da taifot ya huda, ko mahaifar mai jego, ko gyambon da ya ruɓe. Jiki ya tashi yaƙi da su, yaƙin ya wuce iyaka har ya koma yana ɓarna ga gaɓoɓin mai shi. Likitoci su kan ce da wannan sefsis, a nan za a kira shi gubar jini. In ya tsananta har ƙarfin da jini ke gudu da shi ya karye, to, an shiga faɗuwar jini, ita ce mafi haɗarin matakansa.

Misalin abin kamar lambu ne. Zuciya ita ce mai jigo, jijiyoyi su ne hanyoyin ruwa, gaɓoɓi kuwa su ne fangali. Muddin gefen hanyoyin na da ƙarfi, ruwan guga ya kan kai har ƙarshen lambu. To, a ce gefen ya zube, hanyoyin sun yi faɗi, ga su kuma suna tsiyaya. Mai jigo zai yi ta ja har ya jigata, ruwan kuwa ya baje ya kwanta tun bai kai fangalin nesa ba. Haka gubar jini ke yi. Jijiyoyi su saki su buɗe, bangonsu ya riƙa yoyo, zuciya ta yi ta gudu, fitsari ya ɗauke, hankali ya fara gushewa. Jinin na nan, ba a ƙasa ya zuba ba, ƙarfin tura shi ne ya tafi.

Cikin 2016 manyan likitocin wannan fanni suka yi ittifaƙi bisa iyakar abin. Suka ce in an yi wa mutum ƙarin ruwa daidai gwargwado, amma matsakaicin awon jininsa ba ya tsayawa a 65 sai da magani, kuma wani tsami da a ke kira laktet ya taru a jininsa, to, faɗuwar jini ke nan, kuma irin waɗannan majiyyata fiye da 40 cikin 100 ba su fita asibiti da rai. Wata babbar ƙidaya da aka buga cikin 2020 ta kimanta cewa a shekarar 2017 kaɗai gubar jini ta kama mutum miliyan 48.9 a duniya, ta kashe miliyan 11, watau kusan ɗaya cikin ko wace mutuwa biyar, kuma ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suna cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin.

Tushen magani shi ne a kashe ƙwayoyin da wuri, a fid da mugunya in ta taru, a ɗinke hanji in ya huje. Duk magungunan da za a ambata a nan tokara ne, kamar itacen da a ke tokare bango da shi kafin magini ya iso. Kuma ba ko ɗaya cikinsu da a ke sha a gida, duk aikin asibiti ne, ƙarƙashin idon da ba ya ɗaukewa daga majiyyaci.

Babbar tokarar ita ce noradirinalin. Jiki da kansa ke yinsa, wani masani na ƙasar Siwidin, Ulf von Euler, shi ya gano cikin 1946 cewa da shi ne jijiyoyin saƙo ke umurtar hanyoyin jini su tsuke. Yana tsuke hanyoyin, yana kuma ɗan ƙarfafa zuciya ba tare da ya sa ta gudu ƙwarai ba. Aikinsa ba ya wuce 'yan mintoci, saboda haka ɗiga shi a ke yi ba tsayawa, dare da rana. Ƙa'idojin da likitocin Turai da Amurka suka fitar cikin 2021 sun sa shi na fari. To, amma tambaya biyu ce ke biyo baya. Likitan babban asibiti tambayarsa ita ce, in an ba da shi ya kasa, me za a ƙara? Likitan ƙaramin asibiti kuwa tasa ita ce, in babu shi, me zai tsaya a gurbinsa?

Ba za a amsa ko wacce ba sai an san yadda a ke gane gaskiyar magani. Shaidar likita ɗaya da ya ce ya ba da ya ga sauƙi ba ta isa hujja, domin waɗansu majiyyata da ma za su tashi, waɗansu kuwa ko me aka yi ba za su tashi ba. Abin da a ke yi shi ne a tara majiyyata da yawa, a raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya a ba su sabon magani, ɗaya kuwa a ba su tsoho ko ruwan gishiri zalla, galibi ba tare da likita ko majiyyaci ya san wa ke cikin wane kashi ba. Sa'an nan bayan kwana 28 ko 90 a ƙidaya masu rai.

Akwai labari guda da ya nuna dalilin wannan wahala. Masana sun gano jiki na yin wata iska mai suna naitirik okisaid, ita ke sa jijiyoyi su saki, binciken da ya jawo wa mutum uku lambar Nobel cikin 1998. An kuma gano a gubar jini iskar nan ta kan yi yawa ainun. Sai aka yi ƙiyasi, aka ce tun da ita ke buɗe hanyoyin, a toshe inda a ke yinta mana. Aka haɗa magani, aka sa masa lamba, 546C88. A gwajin farko ya yi abin da a ke so, awo ya tashi, an rage sauran magunguna, kowa na murna. Aka shiga babban gwaji a ƙasashe da dama. Da aka kai mutum 797 sai masu sa ido suka tsai da aikin, domin cikin waɗanda aka ba maganin 59 cikin 100 sun mutu, cikin waɗanda aka ba ruwan sukari kuwa 49. An buga sakamakon cikin 2004. Ashe iskar nan na da waɗansu ayyuka masu amfani a zuciya da huhu da ƙananan hanyoyin jini, da aka toshe ta ɗungum sai zuciya ta rasa yadda za ta yi da hanyoyin da suka tsuke mata. Awo ya yi kyau a bisa allo, mai shi kuwa yana tafiya. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk sauran.

A fara da tambayar mai ƙaramin asibiti, don ita ta fi shafar jama'a. Cikin 2009 aka yi wani taron masu sa barcin tiyata na Afirka a Nairobi, aka raba musu takardar tambaya. Cikin 263 da suka amsa daga asibitocin Afirka, 4 kaɗai suka ce suna da dukan abin da ƙa'idojin gubar jini ke bukata. Shekaru sun shuɗe, an sami ci gaba a manyan birane, amma har yanzu rashin farin wata ne ke sa tauraro haske a wurare da yawa. Taurarin kuwa biyu ne, dofamin da adirinalin.

Dofamin ya daɗe yana sarauta. Shekaru da dama ana koya wa ɗalibai cewa kaɗan daga cikinsa na kare ƙoda, har aka gwada cikin 2000 a Ostireliya da mutum 328, aka tarar babu wannan kariya. Sa'an nan cikin 2010 Daniel De Backer na birnin Burasal da abokan aikinsa suka kara shi da noradirinalin a majiyyata 1,679. A adadin mutuwa bambancin bai kai hujja ba, amma bugun zuciya ya rikice wa 24 cikin 100 na masu dofamin, alhali na ɗaya kashin 12 ne. Daga nan rawaninsa ya faɗi. Duk da haka yana nan a ma'ajin asibitoci da yawa, sabo kuwa ya kan sa hannu ya riƙa kai kansa gare shi.

Adirinalin ya girme su duka, tun 1901 wani Bajapane mai suna Jokichi Takamine ya tace shi. Da wuya a sami ɗakin tiyata da ba shi, ga araha, yana kuma cikin jerin magungunan tilas na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya sa likitoci suka daɗe suna ƙyamarsa shi ne ya kan sa zuciya gudu, ya kan kuma ɗaga tsamin nan na laktet, likita ya rasa ko ciwo ne ke ƙaruwa ko aikin magani ne. To, an gwada. A Faransa cikin 2007 da mutum 330, a Ostireliya cikin 2008 da mutum 280, duka biyu ba a sami bambancin da ya kai hujja tsakaninsa da noradirinalin wajen tsira ba, tashin laktet ɗin kuwa ya kan lafa bayan kwanakin farko. Wajen yara ma labarin ya fi haka ƙarfi. A birnin Sawo Fawlo na Barazil, cikin 2015, aka raba yara 120. Cikin 63 da aka ba dofamin 13 suka mutu, cikin 57 da aka ba adirinalin 4. Asibiti ɗaya ne, yaran kuma ba yawa, amma ƙa'idojin yara na 2020 sun karkata ga adirinalin ko noradirinalin, sun bar dofamin a baya. Ƙa'idojin manya na 2021 sun yarda da ko wanne cikin biyun in babu noradirinalin, da gargaɗi bisa rikicewar zuciya. Wanda ya jera hujjojin nan ya dube su zai ga sun fi rinjaya wajen adirinalin.

Akwai wata kangiya kuma da aka ɗage. Dā ana cewa ba a ɗiga irin magungunan nan sai ta dogon bututu da a ke sokawa a babbar jijiyar wuya ko ƙirji, don tsoron kada su tsiyaye ƙarƙashin fata su kashe nama. Bututun na da tsada, sa shi kuma sai gwani, sai majiyyaci ya yi ta jira. Ƙa'idojin 2021 suka ce a fara ta jijiyar hannu mai kauri, na ɗan lokaci, ana dubawa, ya fi a zauna jira. A birnin Bankok na ƙasar Tailan an gwada fara noradirinalin kaɗan da wuri ga mutum 310, aka buga cikin 2019, 76 cikin 100 suka daidaita cikin awa shida, a ɗaya kashin kuwa 48.

Wani zai ce, in babu ko ɗaya, ai sai a yi ta ƙarin ruwa, tun da shi ko ina akwai. A nan Afirka ce ta koya wa duniya karatu. Cikin 2011 aka buga gwajin da Kathryn Maitland ta jagoranta a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da raunin gudun jini, fiye da rabinsu da zazzaɓin cizon sauro. Kowa ya ɗauka ɗura ruwa da sauri zai cece su. Cikin kwana biyu sai ga fiye da 10 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa sun mutu, na waɗanda aka bi a hankali kuwa 7. Cikin 2017 aka sake gani ga manya a Lusaka ta Zambiya, mutum 209, yawancinsu masu ciwon ƙanjamau. Kashin da aka ba wajen lita uku da rabi cikin awa shida, 48 cikin 100 suka mutu, kashin da aka ba wajen lita biyu kuwa 33. Hanyar da ke yoyo in an ƙara mata ruwa, huhu ya ke tafiya, kuma inda babu na'urar numfashi ba mai fid da shi.

Yanzu sai tambayar mai babban asibiti. Hikimar ƙara magani na biyu ita ce, noradirinalin ƙofa guda ya ke ƙwanƙwasa a jikin jijiya, in an yi ta bugu ƙofar ta kan kurmance, sai an nemi wata. Ta farko da aka nema ita ce ta basofiresin, wani sinadari da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa na yau da kullum shi ne hana ƙoda zubar da ruwa in mutum na jin ƙishirwa. Cikin 1997 Donald Landry a birnin Niyok ya lura cewa a faɗuwar jini rumbun sinadarin nan ya kan ƙare. Aka gwada a Kanada da Ostireliya da Amurka, mutum 778, cikin 2008, mutuwa 35 da 39 cikin 100, bai kai hujja ba. Aka sake a Ingila cikin 2016 da mutum 409, nan ma tsira ba ta canja ba, sai dai masu bukatar wankin ƙoda sun ragu daga 35 zuwa 25 cikin 100. Saboda haka aka ba shi matsayi na biyu, mataimaki ne mai rage wa noradirinalin kaya. In an zarce da shi ya kan hana yatsu jini har su yi baƙi.

Anjiyotensin na biyu kuwa gajeren labari gare shi. Cikin 2017 aka gwada shi ga mutum 321 da sauran magunguna suka kasa, awo ya tashi ga 70 cikin 100 cikin awa uku, na ruwan gishiri 23. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi cikin Disamba ta wannan shekara. Amma tashin awo aka auna, bambancin mutuwa bai kai hujja ba, daskarewar jini a jijiya ta fi yawa ga masu shi, ga kuma tsada.

Wanda ya fi su amfani ga talaka shi ne haidirokotizon, tsohon magani mai araha. Shi ba ya tsuke jijiya da kansa, farkar da ƙofofin da suka kurmance ya ke yi. Gwaji biyu manya suka fito cikin 2018. Na farko ya tara mutum 3,800 a Ostireliya da Niyuzilan da Ingila da Denmak da Saudiyya, ya nuna faɗuwar jini ta kan warware cikin kwana uku maimakon huɗu, amma mutuwa daidai ta ke. Na biyu a Faransa, mutum 1,241 waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, an haɗa shi da ɗan'uwansa fuludirokotizon, mutuwa ta sauka daga 49 zuwa 43 cikin 100. Saɓanin bai gama warwarewa tsakanin malaman likitanci ba, amma kwana guda da aka rage na ɗigon magani ba abin rainawa ba ne a asibitin da na'urar ɗigawa biyu ce ga ɗaki duka. Ya kan ɗaga sukari a jini, sai an riƙa aunawa.

Shi kansa awon 65 ɗin ba a ce lalle sai an haye shi ba. A Ingila aka ɗauki tsofaffi 2,600 masu shekara 65 zuwa sama, rabi aka bar awonsu tsakanin 60 da 65 don a rage musu magani, aka buga cikin 2020, mutuwa 41 cikin 100 a wannan kashi, 44 a kashin da aka yi wa yadda aka saba. Ragewa ba ta cutar ba. Likitocin Amurka ta Kudu kuma, ƙarƙashin Glenn Hernández na ƙasar Cile, suka koma ga dabarar da ba ta bukatar kuɗi. A danna cikin ɗan yatsa da ɗan gilashi har daƙiƙa goma, a saki, a ga cikin daƙiƙa nawa jini zai komo, in ya wuce uku to bai kai fangalin nesa ba. Cikin yatsa kuwa haske gare shi ko ga baƙin mutum. A gwajinsu na 2019 da mutum 424, waɗanda aka bi da awon yatsa 35 cikin 100 suka mutu, waɗanda aka bi da awon laktet 43, ya rage kaɗan bambancin ya kai hujja.

Ba a rasa masu gaggawa ba. Cikin 2017 wani likita a jihar Bajiniya ta Amurka, Paul Marik, ya buga cewa ya haɗa bitamin C da haidirokotizon da tayamin ya ba mutum 47, 4 kaɗai suka mutu, alhali cikin 47 na kafin nan 19 suka mutu. Labari ya cika duniya, asibitoci suka kama yi tun ba a jefa ƙuri'a ba. Da aka jefa, cikin 2020, ba a ga amfanin ba. Cikin 2022 gwajin Kanada da Faransa da Niyuzilan, mutum 872, ya nuna waɗanda suka mutu ko gaɓoɓinsu suka ƙi farfaɗowa sun fi yawa a kashin bitamin, 44.5 da 38.5 cikin 100.

Saura guda, wanda maganarsa ke tashe a 'yan shekarun nan, watau shuɗin metilin. Asalinsa rini ne. Wani Bajamushe, Heinrich Caro, ya haɗa shi cikin 1876 don masu masaƙa. Kada mai karatu ya ɗauka babar marina ce ko bular wanki, launi kaɗai ya haɗa su. Masu binciken ƙwayoyin cuta suka ga yana kama ƙwayoyin har a gan su a madubi, Robert Koch ya yi aiki da shi sa'ad da ya gano ƙwayar tarin fuka cikin 1882. Sai Paul Ehrlich ya ce abin da ke kama ƙwaya ya rina ta, watakila ya kashe ta, shi da Paul Guttmann suka ba mutum biyu masu zazzaɓin cizon sauro a Balin cikin 1891, suka warke. Har gobe danginsa na cikin ruwan da a ke rina ɗigon jini da shi a ɗakin gwaji in ana neman zazzaɓi.

Abin da ya kawo shi wannan fage shi ne yana tare hanyar iskar nan ta naitirik okisaid, wadda 546C88 ya toshe aka yi hasara. Masu goyon bayansa suna cewa shi ba ɗungum ya ke toshewa ba, ya fi tare saƙon iskar a cikin jijiya. A birnin Gwadalahara na Meziko, Miguel Ibarra-Estrada da abokansa suka raba mutum 91 da ƙuri'a, rabi aka ƙara musu shuɗin sau ɗaya a yini har kwana uku, aka buga cikin 2023. Masu shuɗin sun rabu da noradirinalin cikin awa 69, sauran 94, sun kuma riga fita ɗakin gobe-da-nisa da kwana ɗaya da rabi. Fitsarinsu ya koma shuɗi-shuɗi ko kore, abin da ya kan firgita dangi amma ba ya cutarwa, kuma launin ya kan ruɗe 'yar na'urar da a ke maƙalawa a yatsa don awon iska. Ga araha, ga shi tsoho, dole ya ja hankalin likitan da ba shi da basofiresin. Amma mutum 91 ne a asibiti ɗaya, kuma saurin rabuwa da magani aka auna. 546C88 ma ya ci irin wannan jarrabawa.

Bayan wannan akwai sharaɗi biyu. Ba a haɗa shi da waɗansu magungunan ciwon damuwa, don haɗuwarsu ta kan jawo zazzaɓi da makyarkyata da ruɗewa. Na biyu shi ya fi shafar mutanen Afirka ta Yamma. Akwai wani gado da a ke haihuwar mutum da shi, ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ya fi bayyana ga maza, ya kuma fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, a Nijeriya an kimanta wajen namiji ɗaya cikin shida. Galibi mai shi bai san yana da shi ba, sai ran da ya gamu da wani magani ƙwayoyin jininsa su farfashe, ido ya yi shawara, fitsari ya yi duhu. Shuɗin metilin na cikin magungunan da a ke gargaɗi da su bisa wannan, gwajin Meziko ma bai ɗauki waɗanda aka san suna da gadon ba. A garin Nuna na Burkina Faso an yi shekaru ana gwada shuɗin ta baki ga yara masu zazzaɓi, kuma da aka haɗa gwaji huɗu cikin 2013, yara wajen 1,000, aka ga jinin masu gadon ya ragu fiye da na sauran, ko da ya ke galibi ba ragi mai yawa ba. Wannan na da ɗan kwantar da hankali, domin irin gadon da ya fi yawa a Afirka ya fi na Bahar Rum sauƙi. Sai dai yaron da ke shan magani ta baki yana zaune a cinyar uwarsa dabam ya ke da mai faɗuwar jini, wanda ƙodarsa ta tsaya, jininsa da ma kaɗan ne, ana ɗura masa ta jijiya. Akwai awon gadon nan na ɗigon jini daga yatsa wanda ke ba da amsa cikin 'yan mintoci, asibitin da zai ajiye shuɗin a ma'ajinsa sai ya ajiye awon kusa da shi.